Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya?

A Sakkwato, kowa ya sa farar riga sai a ce masa "Dakta", abin kuwa yana damuna. Likitan ƙwaƙwalwa, irin na asibitin tarayya da ke Kware, ya gama karatun likitanci, yana da lasisin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, shi ke rubuta magani. Wanda ya daina barci kwana da kwanaki, ko yake jin muryoyi, wurinsa za a kai shi, ba jinkiri.

Masanin halayyar ɗan Adam kuwa da tattaunawa da gwaji yake aiki, ba ya rubuta ƙwaya. In ya yi digirin digirgir, laƙabin "Dakta" haƙƙinsa ne, amma ba likita ba ne. Ga mai baƙin cikin rasuwa ko mutuwar aure, shi na fi so, muddin ya nuna takardunsa.