Mustang ƙirar 1966 a Magazin: abin da Masta ya iya, da abin da sai an aika Amurka

Garejin da zan yi magana a kansa ba shi da allo, ba shi da suna a rubuce. Rumfar kwano ce a cikin Magazin na Suame, unguwar makanikai da masu kayan mota, nan Kumasi, bayan layin masu walda, mai shi kuma dattijo ne ɗan Zango da kowa ke kira Masta. Shi ya tayar mini da Ford Mustang ƙirar 1966 da na saya a hannun wasu magada, bayan ta yi shekaru ɗaure kan duwatsu a tsakar gida. Tun da ta fara fita ake tare ni a Aboabo da Asawase ana tambayar wa ya yi aikin, ina kuma aka samo kaya.

Abin da ya sa na amince da shi ya faru tun kafin a kwance noti ɗaya. Bai buɗe bonet ba. Ƙofar direba ya buɗe, ya sa yaronsa ya goge ƙaramin farantin ƙarfen da ke jikinta da tsumma da kananzir, ya karanta lambar motar, ya tsaya a harafi na biyar.

"C ne, Alhaji," in ji shi. "Injin 289 mai kabureta baki biyu. Da T na gani, da silinda shida ce, sai in ce ka rage buri. Da K ne kuwa, da yau ba ka kwana a gida ba, nan za ka yi gadi."

Gaskiya ya faɗa. Mai harafin C ƙarfin doki 200 ne, mai A 225, mai K kuwa 271, shi ne wanda masu tara tsofaffin motoci ke rububi. Sai da ya tabbatar lambobin da ke jikin injin sun dace da zamanin motar sannan muka shiga ciniki.

Magazin wuri ne da in dai ƙarfe ne, za a ƙera shi. Akwai masu sassaƙa ƙarfe, masu narka shi, masu naɗa waya, masu ɗinkin kujera. Amma kasuwar kayan gyaransa ta Toyota ce da Nissan da Sprinter da manyan motocin DAF. Haka Abossey Okai a Accra. Ka ce kana neman kayan motar Amurka ta shekarun 1960, kowa zai ce maka akwai, zauna a kawo, abin da za a kawo kuwa Allah kaɗai ya sani. Ko sifana ma matsala ce, domin notocin motar nan da inci aka auna su, ba milimita ba. Sifana 13 takan shiga notin rabin inci da ɗan sako-sako, ta cinye masa kai a hankali. Masta yana da akwatin sifanun inci da ya gada tun zamanin Bedford, kuma ba ya barin yara su taɓa motar da wasu.

Inda iliminsa ya fi yi mini rana shi ne a kan injin. Ford ta ci gaba da ƙera ƙanin 289, wato 302, tana sa shi a motocinta F-150 har 1996, a Explorer har 2001, don haka ana tsintar gawarsu jefi-jefi cikin kayan hom-yus, wato tsofaffin kayan da ake shigo da su daga ƙasashen waje. Wani mai shago ya kawo mana babban faifan bayan injin daga irin wannan, yana rantsuwa irinsa ne sak. Ramukan noti sun hau daidai. Masta ya juya faifan, ya nuna mini dunƙulen nauyin da ke bayansa, ya ce a mayar. Tsohon 289 da nauyin oza 28 aka daidaita shi, 302 na daga 1981 zuwa sama kuwa oza 50 ne. In ka haɗa su mota za ta tashi, amma za ta riƙa karkarwa har ta ci beyarin. Haka ya gargaɗi yaransa kan jerin wayoyin filogi: na 289 shi ne 1-5-4-2-6-3-7-8, na wasu 302 na baya-bayan nan kuma dabam ne. Da alli ya rubuta shi a jikin ƙofar shago. Mai shagon nan bai so karɓar kayansa ba, sai da Masta ya taka da kansa.

Aikin bodi kuwa, a nan Magazin ya nuna kansa. Ciwon Mustang na waɗannan shekaru sananne ne: ruwa yana shiga ta ragar da ke gaban gilashi, ya taru a ciki, tsatsa ta huda wurin, ya riƙa ɗiga kan daɓen ƙafar direba. Tawa kana zaune kana hango ƙasa. A Amurka ana sayar da daɓen a ƙere, sai dai nauyinsa da girmansa za su cinye kuɗin jirgi. Mai gyaran bodin da Masta ya kira ya yanki kwali ya ɗauki siffar ɓangaren da ya rage lafiya, ya zana a kan sabon falle, ya kafa shi kan guntun ƙarfen reluwe yana bugu da guduma har layukan ƙarfafawa suka fito. Motar ba ta da shasi dabam, bodin ne ke ɗauke da kansa, saboda haka kafin a yanke ruɓaɓɓen sai da aka gicciya ƙarafa a bakin ƙofofi don kada ta lanƙwashe. Yanzu ƙofofin da yatsa ɗaya suke rufuwa.

Amma akwai abubuwan da Masta ya ce ko kyauta aka ba ni a nan kada in karɓa: duk wani abu na roba, duk wani abu na birki, da kayan cikin kabureta. Waɗannan sai Amurka, kuma an yi sa'a, domin ƙirar 1966 kaɗai Ford ta ƙera Mustang fiye da 600,000, har yau kamfanoni na ƙera mata kusan komai sabo. Robobin ƙofa da gilashi da fitilu na saya a National Parts Depot na Florida da CJ Pony Parts na Pennsylvania. Na injin da birki, Summit Racing na Ohio da RockAuto. Abin da na ji daɗi a wurinsu shi ne kana zaɓar shekara da girman injin, su jera maka abin da ya dace da lambarsa. Masta ba ya harka da intanet, amma duk hoton da na nuna masa a waya sai ya sa an kwanto tsohon an ajiye kusa, an ƙirga ramuka, kafin ya ce in biya. Sau ɗaya na bi araha wurin wani mai sayarwa da ba kamfani ba, robar gilashin baya da ya aiko ta tsage tun ana sa ta.

Ƙananan kaya nakan tura gidan ɗan'uwana a Bronx, duk mai tahowa gida ya saƙo su cikin jaka. Masu nauyi, irin su lagireto da sifirin, sai kwantena zuwa Tema. A lissafa kuɗin jirgi da na kwastan da na ejan tun farko, don wani lokaci sukan kamo kuɗin kayan, ga dala ba ta jiran sidi. A tara oda wuri ɗaya, ya fi sauƙi.

Canji uku ya ba ni shawara, duka na bi. Tukunyar birkin 1966 ɗaki ɗaya ce, bututu ɗaya ya fashe ka rasa birkin ƙafa huɗu. Muka sa mai ɗaki biyu irin wadda Ford ta koma yi daga 1967. Muka sa lagireton alminiyam mai kauri, don wanda aka yi wa titunan Amurka ba zai jure cunkoson shataletalen Suame da azahar ba. Sannan da aka buɗe kan injin, aka dasa wa bawul ɗin hayaƙi mazauni mai tauri, tunda fetur mai dalma da aka ƙera injin dominsa ya daɗe da barin gidajen mai. Giyar kuma C4 ce mai canja kanta, man Type F take sha, kada wani yaro ya ɗura mata na Corolla. Tsofaffin kayan duk ya sa an zuba mini a buhu, ya ce wanda zai saya wata rana zai tambaya.

Yanzu ga inda garejin ya gaza. Masta ba ya rubuta rasit, lissafi a kansa yake, don haka ni na sayi littafi muke sa hannu duk abin da na bayar. Alkawarin lokaci kuwa, "jibi in sha Allahu" ɗinsa tana da faɗi ƙwarai, musamman in motocin haya sun shigo, masu su na tsaye a kansa. Rumfar ba ta rufe mota duka, sai da na kawo tampol da damina. Wayoyin lantarki ba fanninsa ba ne, shi ma bai ɓoye ba. Sabon damin waya na sayo aka kira mai aikin wuta ya shimfiɗa.

Fenti ne ya fi ɓata mini rai. Mai fentin da aka haɗa ni da shi a fili ya fesa, ga hunturu, ƙura ta kwanta a kan bonet, in ka shafa sai ka ji tsaki-tsaki. Ya kuma cika foti a gefen baya, inda ya kamata a buga ƙarfen ya miƙe. Masta ya ɗora maganaɗisu a wurin, ya zame ya faɗi ƙasa. Ya dubi mai fentin, bai ce komai ba, ya juyo gare ni.

"Alhaji, wannan laifina ne, ni na kawo shi. Ka nemi masu ɗakin gasa fenti, ni zan kankare wannan ban karɓi ko pesewa ba."

Ya kuwa kankare. Duk mai irin wannan mota, ko Camaro ce ko Charger, zan tura shi wurinsa a kan injin, birki da bodi, da sharaɗin ya zo da haƙuri da littafin lissafi, kayan roba da na birki kuma ya aika a sayo masa da lamba. Fenti ya kai wani wuri. Tawa a jan fentin share fage take yawo yanzu, na kama layi a wani ɗakin fenti da ke hanyar Accra, sun ce sai bayan Sallah.