Wasiƙa Ga Yaya: Inda Kaya Ke Arha, Hannun Mutum Ke Tsada

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya. A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata muna nan ƙalau, ta daina tayar da hankalinta.

Kin ce hotunan duwatsu da teku sun ishe ki, abin da kike son ji shi ne yadda mutum biyu ke rayuwa wata da watanni daga jakar goyo: me muke saya, wa ke mana wanki, ina muke kwana, kuma wace ƙasa ta fi. Tun da muka ajiye aiki muka bar Jamus, mun bi ta Turkiyya da Kenya da Indiya, muka gangara Tailan da Biyetnam da Malesiya, muka haura Japan, muka tsallaka Amurka, muka sauko ta Peru da Bolibiya. Daga Ajantina nake rubuto miki.

Tambayar wace ƙasa ta fi, ni da maigidana har yau ba mu daidaita a kanta ba. Abin da muka yarda da shi mu biyu shi ne, inda ƙasa ke da arziki kaya sun wadata kuma suna da inganci, amma duk abin da sai ɗan Adam ya sa hannu ya yi maka, za ka ji a aljihunka. Inda talauci ya fi yawa kuma, kaya masu kyau ne ke wahalar samu, hannun mutum yana ko'ina. Mai jakar goyo ba ya sayen kaya, don yawancin jiragen sama masu arha na Asiya kilo 7 kawai suke bari a shiga da shi kyauta, abin da ya haura a biya. Saboda haka mu aikin hannun ya fi shafa.

Zif ɗin jakata ya tsinke a Indiya. Tela na bakin titi ya karɓa, ya cire tsohon, ya ɗinka sabo, ya ƙara wa maɗaurin kafaɗa ɗinki biyu ba tare da na roƙa ba, kafin mu gama shan shayi ya miƙo mini. A Jamus irin wannan gyara sai an nemi shagon, a bar jakar kwanaki, kuɗin kuma ya kusa na sabuwa, shi ya sa mutane da yawa ke jefarwa su sayi wata. A garin Hoi An na Biyetnam teloli sun cika tituna, a auna ka yau ka sa riga gobe ko jibi. Sai dai a kasuwannin yankin ne kuma za ki ga rigar ruwa da takalmin hawa dutse ɗauke da sunayen manyan kamfanoni a kan kuɗin da bai kai na cin abincin rana ba, ruwan farko ya tona musu asiri. Takalmi da rigar sanyi da ita kanta jakar, a saye su a Turai ko Japan ko Amurka. Gyara da ɗinki a bari sai an isa inda ake da masu yi.

Wanki ma haka. A Tailan da Biyetnam da Peru a kan kilo ake yi: ka kai da safe, a ɗora a sikeli, da yamma ka karɓa a ninke. A Japan da Amurka inji za ka tarar a jere, ka jefa kuɗi, ka zauna kana kallon kayanka suna juyawa. Injin Japan tsaf yake, wasu ma da kansu suke zuba sabulu, amma rabin yininka ya tafi.

Maganar sufuri ita ce ke haɗa mu musu. Shi maigidan Japan ta tafi da imaninsa. Jirginsu mai gudun tsiya, Shinkansen, ya fara aiki tun 1964 tsakanin Tokiyo da Osaka, kuma idan allo ya ce ƙarfe tara da minti uku, to ki tabbata minti ukun ne. A ƙasa an zana inda ƙofar kowane tarago za ta tsaya, mutane su yi layi a kai. Har jaka ba sai ka ɗauka ba: ka miƙa ta a masauki ko a ɗan kantin unguwa, kamfanin aike ya kai maka ita gari na gaba, yawanci washegari. Amma fa da kuɗinka. Tikitin mako guda da baƙi ke saya su hau jiragen ƙasar a da yen 29,650 ne, a Oktoban 2023 aka mayar da shi yen 50,000. Wanda ba kullum zai yi doguwar tafiya ba, yanzu gara ya sayi tikiti ɗaiɗai ko ya hau bas ɗin dare.

Ni kuwa jirgin Indiya ne ya kwanta mini. Tun 1853 suke da jirgin fasinja, kuma tsarin ya san cewa matafiyi mutum ne mai jin barci da yunwa. A taragon da ke da na'urar sanyaya ɗaki za a ba ka zanin gado da bargo da matashi, mai shayi yana zagayawa tun asuba, ka kwanta a wannan jiha ka farka a wata, ka huta da biyan kuɗin masauki na dare guda. Wahalarsa tikiti. Gadaje kan ƙare makonni kafin ranar tafiya, sai a sa ka jerin masu jiran wani ya fasa. Akwai kason gaggawa da suke kira Tatkal, wanda ake buɗewa ana gobe tafiya, a kan ƙarin kuɗi, kuma cikin mintuna yake ƙarewa a hanyoyin da jama'a suka fi bi. Jirgin kan makara, wani lokaci da sa'o'i. Shi maigidan abin da ke ɓata masa rai ke nan. Ni kuwa mai gado a ƙarƙashinta ba ta damu da agogo ba.

Sauran a taƙaice. Bas ɗin Turkiyya na da yaron mota mai raba shayi da biskit kamar a jirgin sama. Na Ajantina, ajin da suke kira cama, kujerarsa na kwantawa har mutum ya yi barcin gaske, kuma dole ta kwanta, don tafiyar sa'a ashirin ba abin mamaki ba ce a nan. Jirgin Nairobi zuwa Mombasa da aka buɗe a 2017 tsaf yake, har giwaye muka hango ta taga. Amurka kuwa, in ka bar manyan birane irin su New York, wanda ba shi da mota kamar ba shi da ƙafa.

Kuɗi su ne suka fi ba ni mamaki, domin ba ƙasashen da suka fi arziki ne suka fi ci gaba wajen biya ba. Kenya na amfani da M-Pesa tun 2007, mai sayar da ayaba ma ta waya ake biyanta. Indiya ta fito da nata tsarin biya ta waya, UPI, a 2016, yanzu kowane mai shayi da ɗan allonsa da ake haskawa da waya. A Jamus kuwa har yanzu akwai gidajen burodi da ba sa karɓar komai sai tsaba. Matsalar ita ce waɗannan tsare-tsare don 'yan ƙasa aka gina su. A Kenya da fasfo muka yi rajistar layi muka shiga cikin sauƙi. A Indiya, da yake abin a ɗaure yake da asusun bankin ƙasar, mu muka zama masu yawo da takardun kuɗi muna neman canji, mai kanti yana mana kallon mutanen da.

A Tailan duk cirar da ka yi a na'urar ATM da katin waje sai an yanke maka fiye da baht 200, ko kaɗan ka cira ko da yawa, don haka a cira da yawa lokaci guda. Kuma ko'ina ne, idan na'ura ta tambaya ko ta lissafa maka da kuɗin ƙasar katinka, a ce a'a, a zaɓi kuɗin inda ake tsaye, don canjin na'urar kullum ya fi na banki muni. A nan Ajantina hauhawar farashi ta kai kashi 211 cikin ɗari a 2023, har yanzu za ki ga takardar abinci da sabon farashi manne a kan tsoho. Amurka kuma abin da aka rubuta a jikin kaya ba shi za ka biya ba: a yawancin jihohi sai a wurin biya ake ɗora haraji, a gidan abinci kuma a ƙara wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don albashinsa a kan wannan aka gina shi. A Japan in ka bar ko sisi a tebur, mai hidima na iya biyo ka waje da shi.

Wurin kwana yana da lissafin da ma'aurata kaɗai ke yi. Gwauro gado ɗaya yake kamawa a ɗakin haɗaka mai gadaje hawa biyu. Mu kuwa gado biyu ne, kuma a Tailan da Biyetnam da Bolibiya kuɗin gadaje biyun ya kusa na ɗaki mai ƙofa da banɗakinsa, don haka ba ma ko tunani. A Japan lissafin ya ƙi, ɗakin kanka tsada, masaukan nan masu ɗan akurkin kwana kuma galibi hawan maza daban na mata daban, sai mu yi sallama a bakin lifta. Ba zan ɓoye miki ba, bayan watanni muna manne da juna dare da rana, wannan rabuwar ba ta yi wa kowa ciwo ba.

Abinci da ibada, Malesiya ce ta ɗaya ba tare da musu ba. Tambarin halal na hukumarsu ta JAKIM yana jikin kaya da ƙofar gidajen abinci, kuma kusan kowace babbar kasuwa da tasha na da ɗakin salla da wurin alwala, na mata daban. Indiya ta taimake mu ta wata hanya: doka ta sa a buga koren ɗigo cikin murabba'i a jikin abincin leda da babu nama a ciki, sai mu bi ɗigon. Japan ta fi wuya duk da tsabtarta, don romon alade da giyar girki kan ɓuya a cikin miya da kayan ƙwalam, sai mun haska takarda da waya ta fassara mana. A Kudancin Amurka masaukan matafiya da yawa na da kicin, sai mu sayo kifi da ƙwai da kayan lambu mu dafa da kanmu. Ruwan famfo a Japan ana sha kai tsaye, a Indiya da Peru sai an tace ko an tafasa. Banɗaki kuwa, Tailan da Malesiya da Turkiyya akwai ruwa a gefe, na Japan har ɗumama shi yake, Amurka takarda zalla, a can muka koma yawo da gora.

Magani shi ya fi nuna abin da nake gaya miki. A Amurka maganin ciwon kai a manyan kwalabe yake a kan kantar babban kanti, ka ɗauka kamar sukari, amma ganin likita na iya cinye kuɗin tafiyar wata guda. Shi ya sa inshorar tafiya ke tashi da zarar ka ce Amurka na cikin hanyarka, mu ma sai da muka taƙaita zamanmu a can. A Jamus ko farasitamol sai a kantin magani, ranar Lahadi kuma sai ka nemo wanda ke kan aikin ranar. A Indiya da Tailan mai kantin zai saurare ka, ya tambaye ka, maganin ma da sauƙin kuɗi, sai dai a duba ranar lalacewa, kuma kada a yarda a karɓi maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai an miƙo. Birnin La Paz na Bolibiya yana kan tsayin kusan mita 3,600 daga doron teku, Kusko na Peru kusan 3,400, numfashi kan yi wuya ga baƙo, kuma masu masauki a can sun san alamun tun kafin ka yi magana: su zaunar da kai, su kawo shayi, su hana ka gaggawa. Katin rigakafin shawara mai launin rawaya yana tare da fasfonmu, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Maganar tsarabar da kika yi, Yaya, ki yi haƙuri, jakar ba ta da wurin ko ɗankwali. Yadin da na gani a Indiya na so in saya miki, amma kuɗin aika shi ya fi kuɗinsa. Shawarar da muka yanke ita ce sai a zangon ƙarshe, ta Santambul za mu koma, a nan za mu sayi akwati mu cika. Ki turo mini awon takalman yara da na Inna, ki kuma faɗa mini ko jakar hannu kike so ko mayafi, don ba zan iya duka biyu ba.

Maigidan yana gaishe ku. Sai na ji daga gare ki.

Ƙanwarki.