Ƙofar da ta buɗe a bugu na uku a birnin Leeds

A hunturun bara na fita zubar da shara da daddare a gidan hayar da nake zaune a Leeds ta ƙasar Ingila, iska ta turo ƙofa ta rufe, makullina kuwa yana kan tebur a ciki. Ƙofofin gidaje da yawa a nan suna kulle kansu da zarar sun rufe. Da wayar maƙwabcina na kira mai gyaran makulli, na tsaya jiransa da jallabiya da silifas cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Da ya iso na zaci zai ɗauko injin huda ko ya ɓalle ƙofar, sai kawai ya zaro wani makulli daga cikin damin da ke aljihunsa, ya zura shi a ramin, ya ɗan riƙe shi da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa bayansa da ƙotar sukudireba. A bugu na uku ƙofa ta buɗe. Kuɗin da ya karɓa na aikin da bai kai minti ɗaya ba, zai sayi sabuwar ƙofar ƙarfe a Kano, amma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Shekara biyu ina kwana a bayan wannan ƙofa hankalina kwance, don kawai na ɗauka duk kayan Bature ingantacce ne.

Wannan dabara a nan ana kiranta bumping, ni kuwa bugun makulli zan ce da ita. Yawancin kwado da kubar da muke amfani da su, a nan da gida, sun samo asali ne daga ƙirar da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a shekarun 1860. A cikinsu akwai 'yan ƙusoshin tagulla biyu-biyu, ɗaya a kan ɗaya, sifirin yana danne su, kuma makullin gaskiya ne ke ɗaga kowanne zuwa daidai tsawon da zai bar ciki ya juya. Makullin bugu kuwa an zurfafa duk haƙoransa har ƙarshe, don haka idan aka doke shi sai ƙusoshin ƙasa su harbi na sama, su yi tsalle na ƙiftawar ido, a cikin wannan ɗan sarari kuma makullin ya juya. Tun 1928 aka yi rajistar irin wannan makulli a Amurka, amma sai a 2005 maganar ta fita fili sosai, bayan da Barry Wels da Rop Gonggrijp suka rubuta bayani a kanta a ƙasar Holan, aka kuma nuna ta a talabijin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙofata ba ta nuna alamar an taɓa ta ba, kuma makullina ya ci gaba da aiki kamar kullum. A ƙasar da mutane da yawa ke da inshorar kayan gida wannan babbar matsala ce, domin yawancin kamfanonin sukan nemi shaidar an shiga da ƙarfi kafin su biya diyya. A gida kuma abin ya fi haka muni ta wata fuskar. Idan kuɗi suka ɓace a shago da safe aka tarar da kwado a kulle lafiya, kowa ya san wanda za a fara kamawa: yaron shago, ko maigadi, ko ɗan uwan da aka taɓa ba ajiyar makulli. Allah kaɗai ya san yawan bayinsa da aka kai ofishin 'yan sanda, ko aka raba su da abincinsu, a kan hujjar cewa ai ba a fasa ƙofa ba.

Dole in yaba wa mutanen nan a kan abu ɗaya. Da na shiga shagon kayan gini washegari, na tarar da makullai masu daraja a rubuce a jikinsu. Akwai ma'aunin da ake kira TS 007, mai tauraro ɗaya zuwa uku, kuma mai tauraro uku an gwada shi da bugu da huda da karyawa kafin a buga masa tambarin inganci na Kitemark. Akwai kuma BS 3621, wanda kamfanonin inshora da dama ke shardantawa a ƙofar waje. Mai saye yana iya sanin abin da kuɗinsa suka saya tun kafin ɓarawo ya gwada masa.

Mu kuwa da tafin hannu muke auna kwado. Idan ya yi nauyi, yana ƙyalli, an rubuta sunan wani kamfanin Turai a jikinsa, to, magana ta ƙare, ko da jabu ne. Mai shago zai jera kwado uku a ƙofa yana ganin ya ninka tsaro, alhali ukun ƙira ɗaya ce, wanda ya buɗe na farko ya gama da sauran. Sannan mukan miƙa damin makullanmu ga kowane yaro ya kai wa mai yankan makulli a bakin kasuwa, ba mai tambayar kwafi nawa aka yanka.

Duk da haka, a daren nan da na kasa barci, gidanmu na tuna. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya kwanciya sai ya zura sakata da hannunsa, kuma babu makullin bugun da zai motsa sakata daga waje. Ga maƙwabta waɗanda baƙo ba zai tsaya a ƙofar zaure ba tare da wani ya tambaye shi wa yake nema ba. A layinmu na Leeds wani mutum ya tsaya yana dukan ƙofa da sukudireba da tsakar dare, ban ga labule ɗaya ya motsa ba.

Sai da na yi makonni ina bin mai gidan kafin ya yarda ya canza kubar, sakata kuwa da kuɗina na saya na ɗaura. Amma sakata tana amfani ne idan akwai mutum a ciki, shago kuwa babu mai kwana a cikinsa. Shi ya sa na kira yayana da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari, na ce ya nemi kwadon da ke aiki da fayafai maimakon ƙusoshi, irin ƙirar Abloy ta ƙasar Finland, domin babu abin da zai yi tsalle a cikinsa idan aka doke shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce kada in damu, kwadunansa duka ukun masu nauyi ne.