Famfon Sola a Lambunmu na Mai Wurno, da Yadda Ya Sauya Aikin Yara

Lambunmu feddan uku ne, wato kimanin eka uku, a gaɓar kogin Nilu, reshen da mutanen nan suke kira Bahar Azrak, kusa da garin Mai Wurno a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma noman rani ne abincin gidanmu har yau: albasa, kuɓewa, tumatir, 'yan itatuwan mangwaro da lemun tsami, sai barsim domin dabbobi. Kakana da jigo ya yi ban ruwa, ni kuwa injin dizal na gada, wanda a Sudan ake kira babur, sunan da ya taɓa sa wani baƙo daga Kano ya tambaye ni dalilin da ya sa nake ajiye abin hawa a bakin ruwa. A farkon 2023 na sayar da bijimai biyu na sayi famfo mai aiki da hasken rana a wani shago da ke kasuwar Sinnar, kuma yanzu da na daɗe ina aiki da shi, ina ganin zan iya faɗa wa masu iyali a gona abin da ke cikinsa.

Kayan da aka ba ni su ne farantan sola takwas, da famfon kansa, da akwatin da ke sarrafa wuta, da bututu. Mai shagon ya zo da kansa, ya auna tazarar da ke tsakanin ruwa da tudun lambu kafin ya zaɓa mini girman famfo, ya kuma kafa farantan suna fuskantar kudu. A wannan fannin ba ni da abin cewa sai yabo. Wata biyu ko uku bayan haka yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu, dizal ya zama sai wane da wane, kuma da idona na ga albasar maƙwabta ta ƙone a komi saboda rashin mai, alhali tawa tana shan ruwa.

Amma abin da ya fi damuna tun farko shi ne yara, domin ina da biyar, kuma duk a lambun suke tashi. A zamanin babur, babban ɗana, wanda a lokacin bai wuce shekara 12 ba, shi ke ɗaukar jarka a kan jaki ya tafi neman mai, wani lokaci ya wuni a layi ya rasa karatun allo da na boko gaba ɗaya. Ga belin injin da ke juyawa ba murfi, wanda kullum nake tsoron ya kama rigar wani, ga hayaƙi, ga ƙarar da ke hana uba jin kiran ɗansa. Duk wannan ya kau. Aikin da ya maye gurbinsa shi ne goge farantai, kuma aiki ne da ya dace da ƙarfin yaro. Bayan sallar asuba 'yata mai shekara 9 takan ɗauki bokiti da tsumma mai laushi ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata rana da hantsi, kashegarin guguwar habub, ta bar huɗu da ƙura, ta tsaya tana kallon bakin bututu, sannan ta goge sauran ta sake dubawa. Ta sheƙo da gudu tana cewa, “Baba, zo ka gani, ruwan ya ƙara ƙarfi!” Ban taɓa yi mata bayanin dalili ba, ita ta gano da kanta, kuma tun daga ranar ba na buƙatar tuna mata aikinta. Abu ɗaya kawai na hana su, wato watsa ruwan sanyi a kan farantan da tsakar rana, domin gilashin da ya ɗau zafi yana iya tsagewa.

Sai dai famfon yana da hali guda wanda duk mai yara ya kamata ya sani kafin ya saya. Ƙarfinsa daga hantsi ne zuwa la'asar, wato daidai lokacin da yara suke makaranta ko kuma zafi ya kai inda babu uban kirki da zai tura yaro cikin komi. Mu kuwa da sanyin safiya da na yamma muka saba ban ruwa. Dole ta sa na gina wani ƙaramin tafki na siminti a tudu, famfo ya cika shi da rana, mu kuma mu saki ruwan bayan la'asar, yara suna buɗe komi suna toshewa da fartanya yadda mahaifina ya koya mini. Wannan tafki ya kusa jawo mini baƙin cikin da ba zan manta ba. Autanmu, yana ɗan shekara biyu, ya sulale daga wurin uwarsa tana tsinkar kuɓewa, sai ganinsa muka yi ya kife ciki a kan bakin tafkin yana miƙa hannu ga wani ganye da ke yawo a ruwa. Allah ya kiyaye, yayarsa ta cafke ƙafarsa. A ranar na kewaye wurin da waya na sa ƙofa mai sakata a sama, inda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. Na kuma hana wanka a ciki, domin ruwan da ke tsaye shi ne matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar da ta daɗe tana addabar yaran da ke wasa a magudanan ban ruwa na yankin Jazira.

Inda nake ƙorafi da mai shagon shi ne batun laka. A damina, musamman cikin watan Agusta, kogin yakan taso jajir da ƙasar tsaunukan Habasha, kuma matacin da ya sa mini a bakin bututu mai manyan idanu ne, don haka famfon ya toshe sau uku a daminar farko. Da na same shi na ce, “Malam, ai da ka gaya mini tun farko,” sai ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, mafi yawan masu sayen kayana a rijiya suke sa shi.” Ya sauya mini mataci, amma sai da na biya.

Ga mai lambun da bai wuce nawa ba, kuma ruwa yana kusa da shi, ina ba da shawarar saye, da sharaɗin ya sa kuɗin tafki da na shinge a lissafinsa tun farko, ya kuma binne wayoyin wuta cikin bututu saboda yara da awaki. Tsohon babur ɗin ban sayar ba. Yana nan a gindin mangwaro domin kwanakin da hadari ke rufe rana, kuma babban ɗana ne yanzu yake sauya masa baƙin mai, ina tsaye a kansa.