Tsohon agogon Amurka a gwanjo: na katako ko na tagulla?

Wanda ya fara leƙa gwanjon tsofaffin agogon Amurka zai yi ta cin karo da sunayen garuruwan jihar Connecticut, irin su Plymouth da Bristol da Waterbury, don a can sana'ar ta yi ƙarfi. Kafin ka taya, duba injin da ke ciki, shi ne zai gaya maka irin ɗawainiyar da za ka ɗauka.

Injin katako shi ne abin alfaharin masu tarawa. Eli Terry ne ya yi suna da shi, tun da ya karɓi kwangilar inji 4,000 a 1807, sannan ya sami haƙƙin mallakar agogonsa da ake ɗorawa a kan kanta a 1816. Yana da kyau, amma yana da laulayi. Haƙoran giyarsa na katako suna karyewa, masu gyaransu kuma ba su da yawa ko a Amurka. In gida za ka kawo shi, ka tuna da bushewar hunturu, wadda ke tsaga ƙofa ma balle haƙori siriri.

Ni dai da sabon shiga zai nemi shawarata, sai in ce ya fara da na tagulla. Chauncey Jerome ne ya cika kasuwa da shi mai araha a ƙarshen shekarun 1830, har ya riƙa kai wa Ingila daga 1842. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa har yau ba su yi tsada ba, kayan gyara kuma ana samu. Na kamfanonin Seth Thomas da Ansonia ma haka. Sai dai ka tambaya: na awa 30 ne ko na kwana 8? Na farkon kullum sai an yi masa wani, kuma mutum kan gaji.

Inda ake ƙona hannu shi ne agogon bango mai siffar banjo (kayan kiɗa mai kama da gurmi), wanda Simon Willard ya yi wa rajista a 1802. An kwaikwaye shi ba adadi, kuma ganin sunan Willard a jikin gilashi ba hujja ba ne. Akwai kuma abin da masu harkar ke kira aure, wato injin wani agogo a gidan wani. Nemi hoton bayan injin. In ka ga ramukan kusoshi da ba komai a cikinsu, an taɓa sauya shi. Duba takardar kamfani da ke manne a cikin akwatin. Wadda ta yi ja, ta ɗan yage, ta fi mini sabuwa fes kwanciyar hankali.

Kuɗin da aka buga guduma a kansa ba shi ke nan ba. Gidan gwanjo zai ɗora la'adarsa, sau da yawa sama da kashi 20 cikin ɗari, ga kuɗin ɗauri da jigila, kuma yadda kayan yake haka za ka karɓa. Ka ce a cire abin lilo da ƙarafan nauyi a naɗe su daban, in ba haka ba su za su fasa gilashin a hanya.