Jagororin ibadar maguzawan zamani a gidajen yarin Ingila da Wales: abin da hidimar ke bayarwa da inda take gazawa

Duk wanda aka shigar gidan yari a Ingila ko Wales, cikin tambayoyin farko da ake yi masa har da addininsa. Idan ya ce shi Pagan ne, wato mai bin maguzancin Turai da aka farfaɗo da shi a ƙarni na 20, haka za a rubuta masa, kuma yana da haƙƙin ganin jagoran ibadarsa kamar yadda Musulmi ke ganin limami, Kirista ke ganin fada. Hidima ce ƙarama wadda ba kowa ya san da ita ba, amma ta cancanci a ɗora ta a sikeli, domin a nan ne addinin da ke cewa "kada ka cuci kowa" yake zama gaba da gaba da wanda ya riga ya cuci wani.

Hukumar gidajen yari, HMPPS, ita ke ɗaukar jagororin, amma sai ƙungiyar Pagan Federation, wadda aka kafa a 1971, ta tsaya wa mutum cewa ya san addinin kuma ya isa ya ja wasu. Daga nan sai binciken tsaro, wanda kan ci watanni. Dokar gidajen yari ta 1952 limamin Cocin Ingila kaɗai ta wajabta a kowane gidan yari. Sauran addinai ana samar musu ne gwargwadon yawan mabiya. Takardar umarni mai lamba PSI 05/2016 ta tanadar wa kowane fursuna awa 1 ta ibadar jam'i a mako. A takarda ke nan. A ƙidayar 2021 mutum kusan 74,000 ne suka rubuta Pagan, wasu 13,000 suka rubuta Wicca, wani reshe na maguzancin zamani, don haka waɗanda za a tsamo jagora daga cikinsu ba su da yawa, kuma sau da yawa jagora ɗaya ke zagaya gidajen yari da dama.

Kayan ibadar da aka yarda fursuna ya riƙe ba su da yawa: turare, abin wuya mai tauraro mai kusurwa 5 ko gudumar Thor (ɗaya daga allolin arewacin Turai), doguwar riga marar hula, ɗan reshe mai lanƙwasuwa a madadin sandar tsafi, ƙananan duwatsu ko katakai masu tsoffin haruffan arewacin Turai da ake kira rune guda 24, da katunan duba na tarot guda 78 bayan an auna haɗarinsu. Katunan na tunani ne shi kaɗai, an hana shi yi wa wani fursuna duba da su. Wannan hani yana da ma'ana, domin a kurkuku duba kan zama ciniki, ciniki ya zama bashi, bashi kuma ya zama duka. Wuƙar ibada ba ta shiga ko kusa da ƙofa, ibada tsirara da wasu 'yan Wicca ke yi a waje ma babu ita. Giyar biki kurɓi 1 ne a gaban jagora, kuma da yawa sun gwammace ruwan 'ya'yan itace don akwai masu fama da shaye-shaye a zaman. Turaren kuwa ya sha wuya tun da aka hana shan taba a rufaffun gidajen yari zuwa 2018, saboda abin kunna wuta ya fita daga ɗakuna tare da tabar.

Zaman kansa gajere ne. Ana shata da'ira da yatsa ko reshe, a kira kusurwoyi huɗu: gabas iska, kudu wuta, yamma ruwa, arewa ƙasa. Sai a yi shiru na 'yan mintoci ana daidaita numfashi, a yi maganar bikin da ake ciki cikin bukukuwa 8 na shekara, kamar Samhain a 31 ga Oktoba ko Beltane a 1 ga Mayu, a raba ɗan biskit da abin sha, a buɗe da'irar. Idan gandurobobi sun makara wajen buɗe ɗakuna, awa 1 ta koma minti 30, kuma abin da ake fara yankewa shi ne hirar da ke biyo baya, alhali ita ce mafi amfani.

Inda hidimar ta fi ban sha'awa shi ne batun tausayi. Maguzancin zamani ba shi da littafi guda, ba shi da koyarwar tuba da gafara da aka riga aka shimfiɗa. Ƙa'idar Wicca, wadda Doreen Valiente, ɗaya daga jagororin Wicca na farko, ta furta a bainar jama'a a 1964, cewa ta yi ka aikata abin da ka so muddin bai cuci kowa ba. Tana gaya wa mutum abin da zai guje wa, ba ta ce komai game da wanda ya riga ya faɗa ciki. Wasu sukan ƙara da dokar ninki uku: abin da ka aika, alheri ko sharri, zai dawo maka sau 3. A bakin jagoran da bai goge ba, wannan doka guba ce a kurkuku. Wanda aka yi wa fyaɗe yana yaro kafin shi ma ya cuci wani zai ji kamar ana cewa shi ya jawo wa kansa, wanda kuma yake neman kuɓuta daga alhaki zai ce ai ɗaurin ya riga ya biya bashin, magana ta ƙare.

Jagoran da ya san aikinsa yakan bi ta wata ƙofa. Ba ya yi wa kowa alkawarin yafiya, domin a wannan addini yafiya ba tasa ba ce, ba ta alloli ba ce, ta wanda aka cuta ce, kuma ba dole ya bayar ba. Abin da yake bayarwa shi ne gurbi a cikin da'irar: mutum ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da sauran, a kira shi da sunansa, a miƙa masa ƙoƙo kamar kowa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai dai gurbin na da sharaɗi, wato ya ambaci abin da ya aikata da bakinsa ba tare da "ai ita ce ta ja" ko "giya ce ta sa ni" ba.

Masu bin allolin arewacin Turai, Odin da Thor da Freyja, su suka fi kayan aiki a wannan fage, domin tsohuwar al'adarsu ta diyya ce. A dokar Sarki Æthelberht na Kent a kudancin Ingila, wajen shekara ta 600, an yanka wa kowace gaɓa kuɗinta: ido sule 50, babban yatsa sule 20, kunne sule 12, haƙorin gaba sule 6. Shi sarkin ya riga ya karɓi Kiristanci, amma tsarin ya girme shi. A tsohuwar Iceland kuma ƙaramar kora shekara 3 ce, bayanta mutum ya dawo gida; babbar kora ce kawai ba ta da dawowa. Darasin da ake ciro wa fursuna a nan a sarari yake: cuta tana da nauyi, ana biya, kuma mafi yawan masu laifi ana sa ran dawowarsu cikin jama'a. A zaman da suke kira sumbel ana zagaya ƙahon sha sau 3: na farko ga alloli, na biyu ga kakanni, na uku na alwashi. A wasu ƙungiyoyin ba a karɓar alwashi sai mai shi ya faɗi abin da zai biya in ya saɓa, kuma akwai wanda aikinsa shi ne ya ƙalubalanci alwashin da ya fi ƙarfin mai shi. "Ba zan ƙara cutar kowa ba" alwashin banza ne, ba mai iya auna shi. "Zan gama kwas ɗin sarrafa fushi kafin Samhain, in na fasa zan tsaya a da'ira in faɗi dalili" shi ne irin wanda ake so, domin yana da wa'adi, yana da shaidu, yana da tara. Wannan ɓangare na hidimar ya fi ƙarfin a raina shi, kuma jami'an da ke shirya fursuna don fita za su amfana da sun kula da shi.

Akwai ɓangaren da bai kai haka ba. Ibadun sakin nauyi, kamar rubuta laifi a takarda a yayyaga, ko yanke zare don raba kai da abin da ya wuce, an tsara su ne tun asali don wanda aka cuta ya rabu da wanda ya cuce shi. Idan aka miƙa su ga mai laifi da wuri, sai ya sauke nauyin kafin ya taɓa ɗaukarsa. Jeri ya kamata a bi: faɗin abin da ya faru, gane wanda abin ya shafa, aikin gyara, sannan sakin. Haka nan abin da suke kira aikin inuwa, wanda aka aro daga tunanin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, wato tono munanan halayen da mutum ke ɓoye wa kansa. Yana da amfani, amma buɗe tsohon ciwo da ƙarfe 3 na yamma sannan a kulle mutum shi kaɗai har safiya ganganci ne. Jagora na gari yakan rufe zama da abin da zai dawo da hankali jiki, ci da sha da numfashi, kuma in ya ga alamar mutum zai cutar da kansa dole ya buɗe masa takardar sa ido ta ACCT. Fursuna ya san wannan tun farko: sirrin jagora yana da iyaka, barazana ga rai ko ga tsaro ba a rufe ta.

Matsala mafi girma ita ce wariyar launin fata. A Amurka, Else Christensen ta yi amfani da wa'azin gidajen yari wajen yaɗa bautar Odin ta fifikon farar fata, kuma tabon bai goge ba har yau. A 2016 ƙungiyoyin masu bin wannan addini da dama suka sa hannu a sanarwar da ake kira Declaration 127 suna barranta daga masu wariya. A cikin kurkuku abin yakan ɓaci ta fuska biyu. Wasu kan yi rajista da addinin don su sami wurin haɗuwa da alamomin da 'yan Nazi suka sata, irin haruffan othala da sowilo. Gandurobobi kuma da suka ga haka sai su riƙa zargin duk mai gudumar Thor a wuya, har da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Inda jagora ke zuwa a kai a kai, yakan gane su cikin 'yan zama kaɗan ya taka musu birki. Inda sau ɗaya yake leƙowa a wata, mai ƙarfi a ɗakin shi ke zama malami.

Sannan akwai rabon fursunoni. Waɗanda aka ɗaure kan laifin lalata, musamman da yara, ana ware su don kare lafiyarsu, kuma sau tari sai an yi musu zama daban. Jagora ɗaya, zama biyu, lokaci bai ƙaru ba. A nan ne ma ake gane ko tausayin na gaske ne, domin sauran fursunonin da ke neman a dube su da idon rahama su ne kan fara cewa waɗancan ba su cancanci da'ira ba. Laifi tudu ne.

Wanda aka cuta ba ya cikin wannan hidima, kuma daidai ne a faɗi haka ba kwana-kwana. Jagora ba shi da hurumin kai saƙo ko wasiƙar neman afuwa ga wanda aka cuta. Yin hakan na iya karya umarnin kotu, ya kuma fama wa mutum ciwo. Hanyar ita ce shirin sulhu na hukuma, ta hannun jami'in da ke kula da shari'ar fursunan, kuma sai in ɗaya ɓangaren ya so. Wasiƙar da aka rubuta a zaman ibada a hannun marubucinta take tsayawa.

A dunƙule, koyarwar ta fi tsarin ƙarfi. Ga fursunan da ya yarda da addinin kuma ya dace da jagora mai zuwa duk mako, hidima ce mai kyau ƙwarai, mai tausayi ba tare da lallashi ba. Ga wanda aka mayar wani gidan yarin da babu jagora, sai ya cike takardar buƙata zuwa ofishin addinai ya jira, kayan ibadarsa ma wani lokaci su maƙale a ma'ajiya sai an sake tantance su. Zai taimaki kansa in ya riƙe kwafin takardar da aka amince masa da kayan, ya kuma nemi shugaban ofishin addinai ya sanar da jagoran yankin tun makon farko.

Ranar fita ita ce ba a gama shirya wa ba. Musulmi zai sami masallaci, Kirista zai sami coci, amma maguzawan zamani galibi ba su da gini. A gidajen mutane suke haɗuwa, ko a ɗakin baya na mashaya, ko a fili inda ake zuwa da yara. Kowanne cikin ukun na iya cin karo da sharuɗɗan sakin mutum. Abin da ya fi shi ne a fara maganar watanni kafin fita, jagora da jami'in sa ido su duba sharuɗɗan tare, a sami ƙungiyar da aka gaya wa gaskiyar laifin kuma ta yarda, a rubuta wanda zai raka shi da tarukan da ba zai halarta ba.