Kafin ka tura zanenka Gwanzu ta Caina, wace takarda za ka fara biya?

Wani ƙanena mai ƙera injin busar da albasa a Tawa ya same ni a Yamai, wai zai kai ƙirarsa Caina a buga masa da yawa, ina ya kamata ya yi rajista? Hanya huɗu na lissafa masa, ban kuma ɓoye wadda raina ya kwanta da ita ba.

OAPI, hukumar Afirka mai rajistar ƙirƙira, ta gida ce, cibiyarta na Yawunde. Takarda guda ta brebe, wato shaidar mallakar ƙirƙira, ta rufe maka ƙasashe 17 har da Nijar, shekara 20, kana biyan kuɗin shekara-shekara. Yi ta, babu gardama. Sai dai ƙarfinta a Kwanni yake ƙarewa, don Najeriya ba ta ciki. Tata daban ce, a Abuja ake nema. PCT kuwa, wato takardar neman brebe ta ƙasa da ƙasa, kada a ruɗe ka da sunan "brebe na duniya". Lokaci kawai take saya maka, wata 30, sannan ka bi ƙasa-ƙasa ka biya.

Ni zaɓina rajista a Caina kanta, tun kafin masana'anta ta ga ko dunƙulen ƙarfenka. Can wanda ya riga kai takarda shi ne mai abu, ko da kai ka yi gumin. Suna da ƙaramin brebe na kayan ƙira, shekara 10, ba a yi masa dogon bincike, yana fitowa da wuri fiye da babban. Baƙon da ba shi da mazauni a can dole ya bi ta wakili mai lasisi, takardun kuma cikin harshensu, don haka kada ka yi rowa wajen fassara: kalma guda ta karkace, kariyar ta tsuke. Daga ranar da ka ajiye a OAPI kana da wata 12 na brebe, wata 6 na marka (suna da tambarin kayanka), ka kai takarda Caina a lissafa maka daga wannan ranar. In takardar Caina ta fito, ka yi mata rajista a duwan ɗinsu, su ke iya tare jabu kafin ya hau jirgin ruwa. Bidiyon injin kuma ka riƙe shi tukuna. Ka sa a Facebook kafin rajista, ya daina zama sabo.

Ni marka ce ta ƙona ni. Na tura wa wani dillali tambarina ta WhatsApp, da murna har da "Allah ya sa albarka". Ashe da sunansa ya yi rajista. Kwantenata ta kwana a tashar jirgi ana cewa kayan jabu ne, kayana, da kuɗina! Sai da na sayi sunana a hannunsa.

Saboda haka duk wanda ya miƙo maka takarda mai jan hatimi, kada hatimin ya burge ka, ko a Katako ana sassaƙa irinsa. Karɓi lambar, ka sa a duba ta a shafin CNIPA, hukumar Caina mai rajistar brebe da marka. Dubi gurbin mai nema: sunanka ne yadda yake a fasfo, ko na wakili? Ka yi rajistar markar da rubutunsu ma, in ba haka ba wani zai laƙa mata suna ya mallake. Akwai kuma wasiƙun neman kuɗi da ke biyo bayan PCT, da tambari kamar na hukuma. OMPI, hukumar duniya mai kula da PCT, da kanta tana gargaɗi a kansu. Irin wannan ta zo, kai wa wakilinka ya gani kafin ka taka banki.